Tsohon Fasfon Auta

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe shida na yamma

An kira Auta! An kira ta cikin 'yan wasan ƙasa!

Bari in sake rubutawa don hannuna ya yarda. 'Yata, autata, 'yar mai gyaran takalmi, tana cikin mata ashirin da uku da za su buga wa ƙasar nan ƙwallo ranar ashirin da takwas ga wata. Ina zaune a shago da basilla a hannu, ina ɗinke bakin wani takalmin makaranta, sai ga ta ta faɗo ko sallama babu, ta miƙo mini waya.

"Baba, karanta."

"Tabarauna yana gida."

Sai ta karanta da kanta. Da ta zo kan sunanta na soka wa kaina basilla a babban yatsa, kuma wallahi ban ji zafi ba sai da na zo alwala.

Na fita waje da takalmin mutane a hannu ina ƙwala wa Mai Aski kira, maƙwabcin shagona. Ya fito da reza, ya bar wani bawan Allah da rabin kai. Mai shayi ya zo, masu jiran mota suka juyo. Wanda ya tsaya na gaya masa, wanda bai tsaya ba na raka shi da labarin har kwanar layi. Auta ta ce, "Baba, don Allah ka rage, kunya kake ba ni." Na ce ai ban ma fara ba.

Wannan tsohon littafin makarantarta ne, na samu sauran shafuka a baya. Zan riƙa rubuta komai, don jikoki su san ba ƙarya kakansu ya yi ba.

Talata, 3 ga wata, da safe

Uwargida ba ta iya murna ba. Ni ina zagaye ɗaki kamar wanda kunama ta harba, ita kuwa, "To, Allah ya sa alheri," shi ke nan. Amma na kama ta a kicin tana share ido da gefen ɗankwali, ta ce wai albasa ce. Rabon gidan nan da albasa tun Asabar.

Shekara biyar da wata guda ke nan da suka iso, ita da Auta, suka same ni a ƙasar nan. Yarinyar tana da sha huɗu, siririya kamar zaren ɗinki, ba ta jin ko kalma ɗaya ta yaren mutanen. Yau ita ke mini tafinta a asibiti. Bana fasfon ƙasar nan ya fito mata, ga kuma na can gida, biyu ke nan. Na ce mata 'yar gata, ƙasa biyu kamar takalmi, dama da hagu. Ta ce, "Ai da ƙafa ɗaya nake cin ƙwallo, Baba." Gaskiyarta. Bahaguwa ce, kuma duk golar da ta tare ƙwallonta sai ta duba yatsunta ko sun cika.

Laraba, 4 ga wata, da rana

Na ce wa mutanen shagon aski ni na koya mata ƙwallo. Mai Aski ya dube ni ta madubi, ya ci gaba da askinsa. Illar tsohon maƙwabci ke nan, ba ya mantuwa.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Hukumar ƙwallo za ta ba su sababbin takalma, amma Auta ta ce ita da tsohon nata za ta buga. Ta kawo mini shi. Na hagun ya buɗe baki ta gefen babban yatsa, daidai inda take murza ƙwallo. Na rufe shago na zauna masa shi kaɗai. Na kankare tsohon gam, na sa fata siririya daga ciki, na yi ɗinki biyu a jere, na shafe zaren da kaki don kada ruwa ya ci shi. Wani ya zo karɓar takalminsa na ce ya dawo gobe, yau aikin ƙasa nake yi.

Gobe za mu ofishin hukumar, wai akwai 'yan takardu da za a cike. Na sa an goge mini babbar riga.

Juma'a, 6 ga wata, bayan la'asar

Ofis ke nan! Kofuna a cikin gilashi, hotuna a bango, kujera mai juyawa. Sakatariyar hukumar mace ce mai fara'a, da tabarau rataye a wuya. Ta ce, "Kai ne mahaifin bahaguwarmu?" Bakina har kunne.

Ta ce ashe fasfo kaɗai ba ya isa mutum ya buga wa ƙasa. Ko dai a nan aka haifi ɗan wasa, ko uwarsa, ko ubansa, ko ɗaya daga kakanninsa. In babu ko ɗaya, to sai ya zauna shekara biyar. Na buga ƙirji na ce biyar da wata guda, ranki ya daɗe, har da gyara. Ta yi dariya.

"Madalla. Amma kowace shekara sai ta kwana ɗari da tamanin da uku a cikin ƙasa kafin a ƙirga shekarar. Ba mu muka kafa dokar ba, ta duniya ce. Ta taɓa yin doguwar tafiya?"

Auta ta ce, "Sau ɗaya. Na je wurin gwaggona."

"To, ku kawo tsohon fasfonta in ƙirga daga hatimin fita zuwa na shiga. Cika ƙa'ida ne kawai."

Cika ƙa'ida ne kawai. Ita da kanta ta faɗa. A hanya na sayi tutar ƙasar nan ƙarama na kafa a ƙofar shago. Kyakkyawar tuta ce, ban taɓa tsayawa na dube ta da kyau ba sai yau.

Asabar, 7 ga wata, da safe

Ban ga tsohon fasfon ba.

Lahadi, 8 ga wata, da rana

Gaskiya ban duba sosai ba.

Lahadi, da yamma

Na san inda yake.

Litinin, 9 ga wata, ƙarfe uku na rana

Ba kowa a shago, bari in rubuta maganar waccan shekarar, kaɗan.

Shekararsu ta biyu da zuwa ce. Auta tana da sha biyar, ba ta da aiki sai ƙwallo. A dawo makaranta, ƙwallo. A aike ta, ta tafi tana buga gwangwani. Gwiwa kullum a goge, littafi a jiƙe. Mutanenmu na nan suka fara magana, wai 'yar wane ta zama namiji. Ni kuma lokacin ban san abin da na sani yanzu ba. Na yanki tikiti na tura ta can gida wurin Yaya, babbar yayata, ta yi zangon karatu biyu a can. Na ce wa kowa don ta ga dangi ne. To, ta ga dangin. Amma don ta manta da ƙwallo na tura ta, kuma duk iyayen da na sani a nan haka suke yi in yaro ya gagara, a tura shi gida ya yi hankali.

Fasfon yana ƙasan akwatin ƙusoshi, cikin leda. Na ƙirga kwanakin a kan kalanda sau uku. Ban iya lissafi ba, dama tun ina makaranta ban iya ba. Sakatariya ta fi ni sani.

Ranar ashirin da takwas filin zai cika. An ce mutum dubu talatin yake ci!

Talata, 10 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Uwargida ta zo shago da kanta ta juye akwatin ƙusoshi. Shekara talatin da aure, ba ni da wurin ɓuya. Muka tafi mu uku.

Sakatariya ta sa tabarau, ta ɗora yatsa a kan hatimin fita, ta nemo na shiga, ta danna na'ura. Ta sake dannawa. Fara'ar nan ta tafi.

"Kwana ɗari da saba'in ta yi a ƙasa a shekarar. Saura goma sha uku. In haka ne shekarar ba ta shiga lissafi, huɗu gare ta, ba biyar ba."

Kafin in buɗe baki Uwargida ta miƙe tsaye, matar da ba ta ɗaga murya ko a kasuwa.

"Ai ba laifinta ba ne! Jirgi ne! Ranar dawowarta ta yi, na yi shara, na gyara mata gado, sai kamfanin jirgi ya ce ba kujera, suka ɗaga mata sati uku cur. Malam, gaya mata mana!"

Na ce, "Eh. Sati uku."

Sakatariya ta sake danna na'ura, fuskarta ta washe. Ta ce da Auta ta dawo a ranar farko, da ta wuce da kwana takwas. Ta ce dokar tana da ƙofa: in abin da ya fi ƙarfin mutum ne ya riƙe shi a waje, ana iya roƙo a duba. Abu biyu take so kafin Litinin, takarda daga kamfanin jirgin, da rantsuwar mahaifi a rubuce da sa hannu. Ta ƙara da cewa a kula, in aka kai takardar da ba ta gaskiya ba, ƙasa za a ƙwace wa maki, 'yar wasa kuma a dakatar da ita.

Uwargida ta fito tana ta alhamdulillahi, har ta riƙe mini hannu a kan titi, abin da ba ta taɓa yi ba. Auta tana biye da mu a baya. Ta dube ni sau ɗaya a bakin mota, ta ɗauke kai.

Akwai hanya. Abin da ya kamata in rubuta ke nan. Akwai hanya!

Laraba, 11 ga wata, da yamma

Kai! Kai! Yau na ga abu!

An bar Auta ta shiga sansani kafin takardu su kammala, kuma an bar iyaye su kalli atisaye. Ciyawa kamar darduma, har na so in cire takalmi. Ga 'yata da rigar ƙasa, lamba goma sha ɗaya. Aka raba su gida biyu. Ƙwallo ya zo mata a gefe, wata doguwa ta taso mata kamar za ta haɗiye ta. Auta ta yi kamar za ta dama, doguwar ta tafi dama ita kaɗai, har yanzu ban san ko ta dawo ba. Sai ji kake tim, raga ta girgiza. Da takalmin da na ɗinka! Na yi ihu har mai gadi ya zo ya ce, "Dattijo, atisaye ne fa."

Koci ta zo bakin waya ta gaishe ni. Ta ce in takardu suka fito, da Auta za a fara wasa, ba benci ba. Da ita za a fara! Na dawo a ƙafa don mota ba za ta ɗauki murnata ba. Sai da na ga ƙofar shago na tuna Litinin.

Alhamis, 12 ga wata, da rana

Mai Aski ya shigo ya turo ƙofa. Ya zauna a kan bencin masu jira yana juya wani takalmi a hannu.

"Ni na tsare maka shago da safen ranar nan, shekara huɗu baya, ka tuna? Ka fita kana huci, ka dawo kana huci."

Na ce ban tuna ba.

"To, ni na tuna. Ka ga, ofishin tikitin nan ya rufe tun bara waccan. Akwai wani da na sani, takardar da duk kake so zai yi maka, da hatimi da komai. Wa zai bincika? Yarinya ce fa za a taimaka, ba sata za a yi ba."

Ya bar mini lambar a bayan kwali. Mutumin kirki ne Mai Aski, don Allah yake so na. Kwalin yana aljihuna, sai nake jin kamar ƙusa ce a cikin takalmi.

Juma'a, 13 ga wata, bayan masallaci

Littafin nan ba mai karantawa sai ni. To, ga gaskiyar.

Jirgi bai yi komai ba. Akwai kujera.

Ana saura kwana biyu ta dawo na buga waya gidan Yaya, na ce a ba ni Auta. Na ce, "To, kin yi hankali? Kin daina?" Ta ce, da murnarta, "Baba, jiya ma na ci biyu, kuma ba takalmi!" Ashe can ma ta samu fili. Raina ya ɓaci. Da gari ya waye na je ofishin tikiti na ce a ɗaga ranar sati uku. Ba wani dalili a sati ukun, shi ne ya fara zuwa bakina. Da mai tikitin ya ce ɗaya, da na ce to. Na dawo gida na tarar da Uwargida tana shimfiɗa sabon zanen gado, na kasa gaya mata, na ce jirgi ne.

Shekara huɗu ban sake tunawa ba. Ni a ganina horo ne na yi, ya wuce.

Asabar, 14 ga wata, da safe

"Ni, mahaifinta, ina rantsuwa cewa," nan na tsaya. Takarda ta huɗu ke nan.

Uwargida ta gayyaci matan gidanmu, na gidan hayar da muke ciki, duka zuwa fili. Ta ce ita ma tana son tuta.

Lahadi, 15 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

An ba 'yan wasa hutun yini. Auta ta same ni a shago, ko da yake ba na buɗewa ranar Lahadi. Ta zauna a ƙasa kusa da injin gogewa, inda take zama tana aikin makaranta da. Ta ga takardun da na dunƙule.

"Baba, ka samo ta jirgin?"

Na ce, "Auta." Na sake cewa, "Auta." Sannan na faɗa mata duka, ina kallon basilla. Wayar, ofishin tikitin, zanen gadon. Na ce ni na ci miki kwana goma sha ukun nan, ni da hannuna, ba jirgi ba.

Na jira kuka, ko ta tashi ta fita.

"Na sani, Baba."

"Kin sani?"

"Gwaggo ta gaya mini tun a ranar. Ka ce mata ta ce ba kujera. Kai ma ka san cikinta ba ya riƙe magana."

"Shekara huɗu kin sani, ba ki taɓa faɗa ba? A ofis ɗin ma kin yi shiru?"

"In ƙaryata ubana a gaban mutane?"

Na ce, to da na sa hannu fa? Da na kai musu takardar?

Ta ɗauki wani ɗan guntun fata tana murzawa. "Da na ce wa koci ƙafata na ciwo. Ba zan shiga fili a kan rantsuwar ƙarya ba, kuma ba zan tona ka ba. Kwana biyar ina addu'a kada ka sa hannu."

Na yi kuka. Ba zan ce albasa ba ce, a shagon takalmi nake. Na ce ki yafe mini. Ta ce, "Na ji haushi fa, Baba. Har yanzu ina ji. Amma tashi mu je, kai za ka gaya wa Inna da bakinka, ni ba ruwana."

Litinin, 16 ga wata, da rana

Na je na gaya wa Sakatariya. Ta cire tabarau ta dube ni, ta ce a shekara goma sha biyu da take aikin nan ta ga takardu iri-iri, yau ne ta fara ganin wanda ya zo hannu wofi. Ta ce duk da haka za ta aika roƙon, amma kada in sa rai.

Uwargida tana ajiye mini abinci ta juya. Magana ɗaya ta faɗa tun jiya: "Zanen gadon."

Na jefa kwalin Mai Aski a kwandon shara.

Laraba, 18 ga wata, ƙarfe huɗu

Amsa ta zo. Fushin uba ba ya cikin abin da ya fi ƙarfin mutum. Sai baɗi war haka. An cire sunanta, an ba wata lamba goma sha ɗaya.

Alhamis, 19 ga wata, da yamma

Ikon Allah! Ikon Allah!

Can gida sun kira! Hukumar ƙwallon ƙasarmu! Labari ya kai musu, ina zargin Yaya, don in ta ji magana da safe kafin azahar ta ƙetare kogi. Suka ce su ba ruwansu da kwana ɗari da kaza, a can aka haifi Auta, a can aka haifi ubanta da uban ubanta. Wata mai zuwa suna da wasa, ta zo kawai, riga na jiranta.

Ƙasata! Taken da na rera a makaranta ba takalmi! Garinmu duka zai taru a gaban talabijin, a ce 'yar wane ce. Na rufe shago na zagaya layin sau biyu. Mai Aski ya ce, "Ka ga abin da nake faɗa, Allah ba ya barin nasa." Har Uwargida ta yi murmushi, ko da yake bango ta yi wa.

Auta ta tambayi Sakatariya. Matar ta ce haƙƙin Auta ne, fasfo biyu gare ta. Sai dai ta sani, in ta buga wa can wasan gasa, dawowa nan ba abu ne mai sauƙi ba, sai an yi shekaru, wataƙila ma ƙofar ta rufe ke nan. Kuma ba wanda zai yi mata alkawarin gurbinta na nan zai jira ta har baɗi.

To, mene ne abin tunani?

Juma'a, 20 ga wata, da safe

Na tambayi kaina me ya sa murnata ta fi ta yarinyar. Amsar ba ta yi mini daɗi ba. In ta tafi can, ba wanda zai sake tuna kwana goma sha uku.

Asabar, 21 ga wata, bayan la'asar

Muna zaune mu uku a falo ta ce, "Baba, me ka gani?"

Na ce ni yanzu ba ni da bakin magana.

"A'a, faɗa. Ina so in ji, sannan in yi abin da na ga dama."

Uwargida ta tuntsire da dariya, karo na farko a mako guda. Na ce to, gaskiya zuciyata tana can gida, amma zuciyata ce ta kai mu nan, don haka kada ki bi ta.

Ta ce, "Ina son can, Baba. Can ne gida. Amma a nan aka ba ni fili lokacin da ban iya ko gaisuwa ba. Golarmu ita ta koya mini yare a bayan makaranta, da duka da zagi. Da su na fara, da su nake so in tsaya a jere. Zan jira."

"In kuma aka ba wata gurbin har abada?"

"Sai in ƙwace."

Ta buga musu waya da kanta, ta yi godiya da ladabi, ta ce a gaida kowa. Na shiga ɗaki na ɗan zauna. Yaya ta kira sau shida ban ɗauka ba.

Asabar, 28 ga wata, bayan magariba

Mun je! Duk mun je, har da matan gidanmu da tutocinsu, har da Mai Aski da ya rufe shago ranar Asabar, ranar da ya fi samun kawuna. Ban taɓa ganin mutane haka ba. Ganguna, ƙaho, ƙasa na motsi a ƙarƙashin ƙafa. Koci ta aiko mana da kujeru kusa da fili, har ana jin ƙamshin ciyawa.

Auta tana gefena da rigar gida. Da aka jera ana taken ƙasa ta miƙe ta rera da ƙarfi, har golar ta juyo daga cikin fili ta ɗaga mata hannu. Ni ban iya baitin ba, na riƙa motsa baki.

Da aka take wasa kuwa, sai ka ce ita ce kocin. "Buɗe! Ba ta! Ke, juyo!" Mai lamba goma sha ɗayan ta ɓarar da wata dama, ni na ji wani mugun daɗi, Allah ya yafe mini. Auta kuwa ta tashi tana tafa mata, "Ba komai, wata na zuwa!"

Ana dab da tashi, ba wanda ya ci wani, wani dattijo a bayanmu ya taɓa kafaɗarta.

"'Yata, ke ma kina bugawa ne? Na ga kin fi alƙalin sanin wasan."

Ta ce, "Kaɗan-kaɗan, Baba."

Bakina ya cika da labari. In gaya masa doguwar da ta tafi dama, in gaya masa takalmin, in gaya masa ƙasa biyu na rububinta. Na juya na dube shi, matan gidanmu duka suna ji, Mai Aski yana ji.

Na ce, "Da yau tana cikin fili, da ita za a fara. Ni ubanta ne, ni na hana."

Auta ba ta juyo ba, idonta na kan wasa. Sai na ji ta lalubo hannuna ta riƙe, ta matse, daidai yatsan da basilla ta soka. Nan take filin ya fashe da ihu, mutane na tsalle a kan kujeru, ta finciko ni tsaye tana ihu a kunnena, "Baba, mun ci! Mun ci!"

Ban ga ƙwallon ba, idona ya cika. An ce mai kyau ne.